Jakar Ɗan Wasan Tirayatilon da Matsalar Danshi

Gasar tirayatilon tana haɗa wasanni uku a jere: a ma'aunin Olamfik, iyo na kilomita 1.5, tseren keke na kilomita 40, sannan gudu na kilomita 10. Ke nan jakar ɗan wasa guda ce ke ɗaukar jiƙaƙƙun kaya da busassu. Fumfuna kuwa ba abin da take so kamar danshi da ɗumi, kuma danginta ne ke haddasa ƙaiƙayin tsakanin yatsun ƙafa. Matasa sun fi duba launin jaka, alhali abin dubawa shi ne aljihun da ruwa ba ya ratsawa, domin rigar iyo, da ɓangaren raga inda takalma za su sha iska. Wannan aljihu ma, in aka bar jiƙaƙƙiyar riga ta kwana ciki, nan fumfunar za ta fara tsirowa.