Akwati mai kwaɗo uku

Kowace kaka, in an sayar da gyaɗa da wake, mutane da yawa a ƙasar Madarunfa sukan yi niyya: bana sai an ajiye wani abu. Kafin bazara ta yi nisa, kuɗin sun tafi. Ga biki, ga suna, ga goro, ga ɗan'uwa ya zo neman rance. Sai mutum ya riƙa zargin kansa, wai ba ya da ƙarfin zuciya. Alhali zuciya tana gajiya kamar yadda hannu yake gajiya da hauya. Wanda kuɗi suke ƙarƙashin tabarmarsa, kullum sai ya yi kokawa da kansa, kuma rana ɗaya tak in ya faɗi, shi ke nan.

Matan jihar Maraɗi sun samo wata hanya. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan ƙauyuka a kan wani tsari da aka kira Mata Masu Dubara. Tushensa adashe ne, wanda aka gada kaka da kakanni. Mata kamar 20 ko 30 suna haɗuwa rana guda a mako, a wuri guda, kowace ta kawo zubinta.

Zubin kaɗan ne, da gangan. Misali, dala 20 a mako ba ta hana a ɗora tukunya. Amma cikin mako 52 ta zama jika 5 da dala 40. In mata 25 ne, kowane zama jika 2 da rabi ke shiga akwati.

Akwatin nan shi ne babbar dubara. Ƙungiyoyi da yawa suna sa masa kwaɗo uku. Mabuɗan suna hannun mata uku dabam-dabam, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu. Ba a buɗe shi sai gaban kowa. To, in mai tallan zane ya shigo gida, ko maigida ya matsa, mace ba ta buƙatar dogon tunani. Sai ta ce: "Kuɗin suna akwati." Gaskiya ta faɗa, ba ta kuma ɓata wa kowa ba.

Akwai kuma tara ga wadda ta makara ko ta ƙi zuwa ba dalili. Tarar ba ta da yawa, amma kunyar idon ƙawaye ta fi ta nauyi. Ranar da kasala ta kama mace, maƙwabciyarta za ta yi sallama ƙofar gida, su tafi tare. Mai buƙata ta gaske tana iya karɓar rance, ta maida a kan lokaci. In zagaye ya cika, sai a raba. Daga Maraɗi tsarin nan ya bazu Nijar, ya kai ƙasashen Afirka da dama.

Maza ma sun san wannan, ko da ba su ba shi suna ba. Manomin da ya liƙe bakin rumbu bayan kaka, ya ce ba a buɗewa sai ruwa ya sauka, ya hutar da kansa daga gardama ta kowace safiya. Rumbun tsimi na gari haka yake.

Ɗan makarantar yaƙi da jahilci da yake yawan fashi yana iya aron dubarar. Ya tsaida lokacin karatu bayan sallar da ba ya fashinta. Ya rataye littafi da alƙalami kusa da buta. Ya kuma yi alkawari da maƙwabcinsa: wanda ya riga shiryawa, shi zai biya wa ɗan'uwansa.