Harshen Talla a Kafofin Sada Zumunta

Talla hanya ce ta sanar da jama'a haja domin jawo hankalin mai saye. A gargajiyance da baki ake yin ta. Shigowar wayar salula Nijeriya a shekarar 2001, da ɓullar Facebook a 2004 da WhatsApp a 2009, sun faɗaɗa fagenta.

Alal misali, Aliero ta shahara da noman albasa, wadda saurin ruɓewarta ke tilasta wa manomi karyar da farashi. A yau yana iya aika hoton buhunansa ga dilan Legas tun kafin a yi lodi. Haka ɗan kasuwar Jega da manomin Maiyama ke iya jin farashin wasu kasuwanni ba tare da sun yi tattaki ba.

Sai dai cin moriyar wannan kafa na da sharuɗɗa. Na farko, gaskiya wajen bayyana haja da farashinta. Na biyu, amfani da daidaitacciyar Hausa, domin Bakano ba lallai ya fahimci wasu kalmomin Sakkwatanci ba. Na uku, kiyaye ƙa'idojin rubutu, domin "bari" daban, "ɓari" daban. Na huɗu, tabbatar da shigar kuɗi kafin sakin kaya, saboda 'yan damfara.