Wa Ke Isa Gaban Likita? Hanyoyin Biyan Kuɗin Magani da Gurbin Zakka da Waƙafi a Gwarzo da Kabo

 

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin masallaci a Gwarzo ko Kabo ya san irin takardar da akan miƙa wa liman bayan sallar Magariba. Takardar asibiti ce, an rubuta magani ko aikin tiyata, mai ita kuwa ba shi da abin biya. Sai a yi shela, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa. Wannan aikin alheri ne, Allah Ya saka wa masu yin sa. Amma ya dace mu tambayi kanmu: me ya kai wannan bawan Allah ƙofar masallaci, alhali gwamnatoci suna da tsare-tsaren kiwon lafiya iri-iri? Amsar tana cikin yadda ake biyan kuɗin magani. Hanyoyi uku aka fi bi a ƙasarmu da maƙwabtanmu, kowace kuma akwai wanda take ɗauka, akwai wanda take bari a baya. Sanin wanda aka bari shi ne zai nuna mana inda ya kamata zakka da waƙafi su dosa.

Ma'aunin da za mu yi awo da shi

Adalci a harkar lafiya shi ne mutum biyu masu ciwo iri ɗaya su sami kulawa iri ɗaya, ba tare da aljihunsu ko nisan garinsu ya raba su ba. Mu ƙaddara yara biyu sun kamu da zazzaɓin cizon sauro a watan Agusta. Ɗaya ɗan ma'aikaci ne a cikin garin Gwarzo, kusa da babban asibiti. Ɗayan ɗan ƙaramin manomi ne a wani ƙauye da ke bayan Getso ko Gude, inda hanya kan yanke idan ruwa ya yi yawa. Da waɗannan yara biyu za mu auna kowane tsari.

Hanya ta farko: biya kafin a duba ka

Wannan ita ce hanyar da ta fi rinjaye. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa. Tana da tushe a tarihi. A 1987 ministocin lafiya na Afirka sun haɗu a Bamako ta ƙasar Mali, lokacin da asibitocin gwamnati suka wayi gari babu magani, suka amince a riƙa sayar wa majinyata magani da sauƙi, a juya kuɗin a sayo wani. Asusun juya kuɗin magani da muke gani a asibitocinmu daga wannan tunani ya samo asali.

Amfaninta a fili yake: idan an riƙe amana, magani ba ya yankewa. Illarta kuwa a kan talaka take sauka. Ma'aikaci zai biya a ranar farko. Manomi zai fara da kantin kemis, ya sayi rabin magani gwargwadon kuɗinsa, ya jira kwana biyu ko uku ko Allah zai kawo sauƙi. Kafin ya isa asibiti jinin yaro ya ƙone, abin da ƙwayoyi kaɗan za su magance ya koma kwanciya da ƙarin jini. Daga nan sai sayar da akuya, ko cin bashin da za a biya da hatsi idan kaka ta yi. Ta haka mai ƙaramin ƙarfi yake biyan kuɗi mafi yawa a kan ciwo iri ɗaya, ya kuma fita daga jinya ya fi da talauci.

Hanya ta biyu: magani kyauta ga wasu rukunai

Jihar Kano ta fara shirin kula da mata masu juna biyu kyauta tun 2001. A Jamhuriyar Nijar kuma an ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, bayan an ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa. Da aka cire kuɗi a bakin ƙofa, yawan yaran da ake kai wa asibitocin Nijar ya ƙaru ƙwarai, abin da ya tabbatar da cewa rashin kuɗi ne ya tsare iyaye da yawa a gida, ba ƙin asibiti ba. Sai dai tsarin ya ci karo da matsala: asibiti zai yi aiki, ya aika wa gwamnati takardun biya, kuɗin kuma ya yi jinkiri na watanni masu yawa. Idan haka ta faru, magani ya ƙare, a rubuta wa uwa takarda ta je ta saya a waje.

Ko da magani yana nan, kalmar kyauta ba ta haɗa da kuɗin mota ba. Matar da naƙuda ta tsananta mata da tsakar dare a ƙauye tana buƙatar abin hawa, da mai ba da jini, da abincin masu jinya. Idan kuma aka tura ta manyan asibitocin birnin Kano, tafiyar kusan kilomita 70 ce daga Gwarzo. Saboda haka wanda yake kusa da asibiti shi ya fi cin moriyar kyautar. Akwai darasi a cikin maganin rigakafin zazzaɓi da ake raba wa ƙananan yara gida-gida a watannin damina: da yake shi ne yake zuwa ƙofar mutane, ɗan ma'aikaci da ɗan manomi duka suna samu.

Hanya ta uku: taimakekeniya

A nan jama'a ne suke zuba kuɗi a asusu ɗaya tun suna lafiya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga ciki. Ghana ta kafa nata tsarin a 2003, ta ɗora kashi 2.5 cikin 100 a kan harajin kayayyaki domin ciyar da asusun, don kada nauyin ya tsaya kan kuɗin rajista kaɗai. Ruwanda ta gina nata a kan al'ummomin karkara, gwamnati ta ɗauki biyan kason mafiya talauci, har tsarin ya game mafi yawan jama'ar ƙasar.

A Nijeriya inshorar lafiya ta ƙasa ta fara aiki a 2005, amma ta daɗe tana zagaye a kan ma'aikatan gwamnatin tarayya. Jihar Kano ta yi dokar Hukumar Taimakekeniyar Lafiya a 2016, aka gina ta a kan taimakon juna domin ta dace da addini da al'adar jama'a. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, da nufin a sami ingantacciyar cibiya a kowace mazaɓa, a kuma ɗauki nauyin marasa galihu. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa.

Wannan hanya ta fi sauran kusa da adalci, domin mai lafiya yana ɗaukar marar lafiya, mawadaci yana ɗaukar matalauci. Amma mai albashi ne yake fara shiga, tunda daga albashinsa ake cira. Manomi, da mai dako, da bazawara mai sana'ar ƙuli-ƙuli, sai sun biya da hannunsu, ko su sami gurbi cikin waɗanda gwamnati take biya wa, guraben kuwa ba su kai yawan mabuƙata ba. Wani ma bai san da shirin ba, wani kuma ba shi da lambar shaidar ɗan ƙasa da akan nema wajen rajista.

Gurbin zakka da waƙafi

Idan aka haɗa hanyoyin uku, za a ga mutum ɗaya ne yake zurarewa ta kowace: matalaucin da yake nesa, wanda ba shi da albashi. Shi ne kuma wanda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta fara ambata cikin rukunai takwas na masu cin zakka. Wanda jinya ta jefa cikin bashi ma yana cikin rukunin mabarta.

A nan dole a rarrabe. Jumhurun malamai, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, sun tafi a kan cewa zakka haƙƙin mabuƙaci ce da ake mallaka masa, ba a gina asibiti ko masallaci da ita. Gini da kayan aiki da abin da zai ɗore aikin waƙafi ne, wanda muka fi sani da hubusi. Babban asibitin da Sarki Mansur Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da kuɗin dukiyar waƙafi ya riƙa jinyar mutane kyauta. A wurinmu, shago a kasuwa ko gona da aka yi hubusinta za ta iya riƙe man fetur da gyaran motar ɗaukar masu naƙuda shekara da shekaru.

Akwai kuma batun lokaci, wanda ya cancanci kwamitoci su tsaya a kansa. Zakkar amfanin gona, ɗaya bisa goma na noman damina da ɗaya bisa ashirin na noman ban ruwa, tana fita ne ranar girbi. Ciwo kuwa ya fi tsanani a Agusta da Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗi ya tafi taki. Shari'a ba ta ba mu damar riƙe zakka wata tara muna jiran damina ba. Mafitar da gidauniya take nazari tare da malamanmu ita ce: a damƙa wa mabuƙaci haƙƙinsa a kan lokaci, sannan idan ya yarda ya wakilta kwamiti ya biya masa kuɗin taimakekeniya na shekara daga ciki. Zakka ta fita a kaka, amfaninta ya kai damina. Sharaɗin shi ne yardarsa, domin dukiyarsa ce, mai yiwuwa kuma abinci ya fi masa gaggawa.

Abin da muke roƙo

Ga kwamitocin masallatai: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku rubuta sunayen gidajen da suka fi rauni a unguwanninku, cikin sirri da kiyaye mutunci, tun kafin ciwo ya zo. Ku binciki cibiyar lafiya ta mazaɓarku ko akwai gurbin da gwamnati ta riga ta biya, ku raka mabuƙata su yi rajista, domin kada a kashe zakka a kan abin da yake haƙƙinsu ne tun asali. Ku kuma san direbobin da za a iya tasa da dare.

Ga masu ba da gudummawa: ku bayyana mana niyyarku a kan kowace naira, zakka ce ko sadaka ko waƙafi, domin kowace da inda shari'a ta yarda a kai ta. Muna kuma kira ga masu hali su duba yin hubusi na dindindin domin lafiya, kamar yadda aka saba yi wa masallatai da makarantu.

Zakka ba za ta ɗauke wa hukuma nauyin da yake kanta ba, kuma wajibi ne mu ci gaba da tunatar da shugabanni alƙawarin da ƙasashen Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001 na ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Namu shi ne mu tsaya a inda tsare-tsaren suka gaza kaiwa, har yaron nan na ƙauye ya isa gaban likita a ranar da ɗan cikin gari yake isa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya karɓi zakkarku da sadakarku, Ya sanya albarka a cikin abin da ya rage. Amin.

Sakataren Gidauniya