Telebijin Da Sinima A Shekarun 1980

Wanda ya tashi a shekarun 1980 bai manta da ƙarfe huɗu na yamma ba. Lokacin nan ne tashoshin telebijin kan buɗe da taken ƙasa, su rufe wajen tsakar dare. Akwatin telebijin kuwa ba kowane gida yake da shi ba. Mu muna yara a lokacin, mukan yi wanka da wuri, mu tafi gidan maƙwabci mu zauna a tabarma, manya suna kan kujeru a bayanmu.

An fara telebijin a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, ya iso Kaduna a 1962. A 1977 gwamnati ta haɗa tashoshin ƙarƙashin hukuma ɗaya, wato NTA. Saboda haka wasan da aka shirya a Jos ko Kaduna ya sami hanyar shiga gidajen ƙasa duka.

A 1980 tashar Jos ta fara nuna Cock Crow at Dawn. Labarin wani magidanci ne mai suna Bello, wanda zaman birni ya ƙi shi, ya kwashi iyalinsa ya koma gona. An shirya shi domin a jawo hankalin jama'a ga noma, amma abin da ya riƙe masu kallo shi ne halin mutanen gidan. Sadiq Daba ya fito a matsayin Bitrus, sunan kuwa ya bi shi har rasuwarsa a 2021. Bongos Ikwue ne ya rera waƙar buɗe shirin.

Daga Kaduna kuma muka sami Samanja Mazan Fama. Usman Baba Pategi tsohon soja ne, ya san zaman bariki ciki da waje, shi ya sa Hausarsa ta barikanci takan sa har tsofaffi su yi dariya da hawaye. Ƙasimu Yero shi ma ya yi suna cikin Karambana da Magana Jari Ce, wanda aka ɗauko daga littafin Abubakar Imam. Almajiran makaranta da yawa sun nemi littafin ne bayan sun ga wasan.

Samari kuwa sinima suka fi so, kamar Plaza da El Dorado a Kano, ko Kwararafa a Jos. Finafinan Indiya su ne kan gaba. Mutum ba ya jin harshen, amma ya haddace waƙoƙin, ya kuma san labarin, gama auren dole da biyayyar iyaye da wahalar talaka ba baƙin abubuwa ba ne gare shi. Iyaye da yawa ba su yarda 'ya'yansu su je ba, don dare da kuma irin taron da akan samu a ƙofa.

Me ya kawo ƙarshen wannan zamani? Daga 1986 darajar Naira ta faɗi, sayen fim daga waje ya yi tsada. Kaset na bidiyo kuma ya shigo, mutane suka gwammace su yi kallo a ɗaki. A 1990 aka fitar da Turmin Danya a Kano, daga nan sana'ar finafinan Hausa na bidiyo ta kama hanya.

Ba mu ce kome na dā mai kyau ne ba. Amma a lokacin akwati ɗaya ne, idanu kuwa ashirin. In abin kunya ya fito, uba yakan yi gyaran murya. In an gama, uwa takan tambaya, "Me kuka koya?" Yau yaro yana kallo shi kaɗai a waya, cikin aji kuma mu malamai muna jin maganganun da iyayensa ba su san ya iya ba. Iyaye, ko sau ɗaya a mako, ku zaɓi shiri ɗaya ku zauna ku kalla tare da 'ya'yanku, sa'an nan ku tambaye su abin da suka gani.