Faretin Jifan Mayu: Kallon Farko Ga Wani Katun Na Japan Daga Haɗejiya

Duk wanda ya saba zama a shagunan cajin waya da tura fim na Haɗejiya ya san yadda kasuwar take. Fassarar Algaita ce kan gaba, sai finafinan Kannywood masu dogon zango, sai na Koriya da na Turkiyya. A 'yan shekarun nan wani baƙo ya samu gurbi a kwamfutocin masu shagunan, wato katun ɗin Japan da samari ke kira anime. Naruto ne ya share hanya, sauran suka biyo sawu. Yaro zai miƙa waya da 'yan canjinsa, a loda masa, ya koma gida ya turo wa abokansa ta Xender, kafin mako ya zagayo unguwa ta ɗauka.

Cikin irin waɗannan akwai Little Witch Academia: The Enchanted Parade, kashi na biyu na labarin wasu 'yan mata da ke karatu a makarantar koyon tsafi. Tun 2015 ya fito, amma a nan fim yakan zama sabo ne ranar da ya faɗo wayarka. Na zauna kallonsa da niyyar in yi dariya in tashi. Dariyar kam na yi, sai dai a tsakiyar labarin akwai wata magana da ta shafe mu fiye da yadda masu zana shi a Tokiyo za su taɓa zata.

Yadda aka haifi fim ɗin ma labari ne. Kamfanin Trigger, wanda Hiroyuki Imaishi da Masahiko Otsuka suka kafa a 2011 bayan sun bar kamfanin Gainax, shi ya yi kashi na farko a 2013, ɗan gajere mai minti 26. An yi shi ne ƙarƙashin shirin Anime Mirai, wanda hukumar raya al'adu ta gwamnatin Japan ke ɗaukar nauyinsa domin horar da matasan masu zane. Wato tun asali aikin koyon sana'a ne, ƙwararru na riƙe da hannun sababbin shiga, darakta Yoh Yoshinari na bisa kansu. Da suka ɗora shi a YouTube, jama'a daga ƙasashe daban-daban suka yi ta neman ƙari. Sai kamfanin ya buɗe asusun karo-karo a shafin Kickstarter yana neman dala 150,000 don a tsawaita kashi na biyu. Cikin sa'o'i kaɗan kuɗin suka cika, kafin a rufe asusun kuma mutum kusan 8,000 sun tara sama da dala 625,000. Da wannan kuɗi fim ɗin ya haura minti 50.

Ana ganin kuɗin a jikin aikin. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, amma yawancin katun ɗin talabijin na Japan ba sa zana 24 ɗin. Sukan zana 12 ko 8, wani lokaci ma a tsayar da hoto ɗaya baki kaɗai ke motsi, don a rage wahala da kashe kuɗi. A nan kuwa da wuya ka ga hoto a tsaye. Fuskar jarumar, Akko, tana miƙewa tana tattarewa in ta fusata, tsintsiyar da suke hawa tana lanƙwasa in ta sha kwana, hayaƙi da tartsatsi kowanne da irin tafiyarsa, wanda dama a nan ne Yoshinari ya yi suna. Ko a ƙaramin gilashin waya mai tsagewa ana gane cewa hannu ne ya zauna ya yi wannan. Kiɗan Michiru Oshima ma ya cancanci a sa abin sauraro a kunne, don lasifikar waya tana cinye rabinsa.

Ga yadda labarin yake. Akko da ƙawayenta biyu, Lotte mai sanyin hali da Sucy mai haɗa magunguna da guba, sun addabi malaman makarantar Luna Nova da ɓarna. Sai aka haɗa su da wasu fitinannun uku, Amanda da Constanze da Jasminka, aka ce su shirya faretin shekara-shekara da ake yi a garin da ke kusa da makarantar, in kuwa abin ya lalace su maimaita aji. Akko ta ɗauka biki ne na nuna gwaninta. Ashe faretin na tunawa ne da zamanin farautar mayu: a fito da 'yan matan makarantar a wulaƙanta su a bainar jama'a, gari ya yi shewa, kowa ya watse. Ta ce sam, ita za ta juya bikin ya zama abin da zai sa mutanen gari su so su. Garin rawar kai ta ɓata wa ƙawayenta rai, ta yi sanadin lalacewar takardar waƙar da Lotte ta gada a gidansu, yaran gari suka sa su gaba da tsokana, sannan wani ƙaton dodo da aka daɗe da rufewa a ƙarƙashin garin ya farka a daren bikin.

Kashi na farko ya fi wannan tsari, gaskiya. A can ba a ɓata ko minti ɗaya ba. A nan an ƙaro mutum uku amma ba a ba su abin yi sosai ba. Jasminka dai ci take daga farko har ƙarshe. Rigimar Akko da Lotte kuwa tun daga nesa ka san yadda za ta ƙare.

Abin da ya riƙe ni shi ne faretin. Farautar mayu a Turai ba tatsuniya ba ce. Tsakanin ƙarni na 15 da na 18 masana tarihi sun ƙiyasta an kashe mutum 40,000 zuwa 60,000 bisa zargin maita, mafi yawansu mata. A wasu wurare akan ɗaure wadda ake zargi a jefa ta ruwa: in ta taso an tabbatar mayya ce, in ta nutse an wanke ta, ko da kuwa gawarta za a ciro. A garin Salem na Amurka an rataye mutum 19 a 1692. Ga ɗan Japan ko Bature da ke kallon wannan katun, duk wannan tarihi ne da ya wuce, shi ya sa har za a iya yin barkwanci da shi.

Mai kallo a Haɗejiya ko Auyo ko Guri ba zai ce ya wuce ba. Mu mun taso da labarin maye mai ƙanƙara a ciki, wanda ke kama kurwar mutum ya ɓoye, mai kurwar ya kwanta yana ramewa. Yaro na wucewa ta ƙofar gidan wata tsohuwa zai ce "kurwata kur" ya ruga. Har sarautar Sarkin Mayu muna da ita a garuruwan Hausa. Kuma kowa ya san yadda abin ke faruwa idan ya tashi: yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, ya fara sambatu, ya ambaci sunan wata maƙwabciya, ko a yi ta tambayarsa wa yake gani har ya ambata. Kafin a jima an cika ƙofar gidanta. A fito da ita, a ce ta tsallaka maras lafiya ta sakar masa kurwa, wani lokaci a tuɓe ta a gaban 'ya'yan cikinta. In yaron ya warke, an ce ta saki. In ya rasu, an ce ta cinye. Babu ƙofar da za ta fita da mutuncinta, kamar dai waccan da aka jefa ruwa. Kuma ku lura da wanda zargin ke faɗa wa: ba a cika jin ya hau kan matar mai kuɗi ko uwar mai mulki ba. Tsohuwa ce wadda mijinta ya rasu, ko wadda ba ta haihu ba, ko baƙuwar da aka auro daga nesa ba ta da dangi a kusa.

Wanda ya san ƙasar nan ya san lokacin da irin wannan ciwo ke yawaita. Mu mutanen fadama ne. Kogin Haɗejiya, tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ya sauya ɗabi'a, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ruwa na kwanciya inda da yake wucewa. Ga gonakin shinkafa, ga ambaliya irin ta 2022 da ta raba dubban mutane da gidajensu. Duk inda ruwa ya kwanta sauro ya samu gida. Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro yana kawo jijjiga, da juyewar ido, da sambatu, da suma, wato daidai alamomin da ake cewa na kamun maye ne. In rani ya yi kuma, zafi da ƙura suka haɗu, sai sanƙarau ya karɓa: wuya ya sanƙare, kai ya yi kamar zai tsage, hankali ya gushe. Jigawa na cikin jihohin da aka fara yi wa jama'a sabuwar allurar rigakafin sanƙarau mai kare nau'i biyar a 2024, lokacin da Najeriya ta zama ƙasar farko a duniya da ta yi amfani da ita. Cututtukan nan biyu suna da magani, amma ba sa jira. Awannin da aka ɓata ana neman wadda za ta tsallaka yaro su ne awannin da allura za ta yi aiki da an kai shi asibiti. Hausawa na cewa in maye ya manta uwar ɗa ba ta manta ba, kuma gaskiya ne, baƙin cikin uwa ba ya gushewa. Abin takaicin shi ne yakan sauka a kan wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Doka ba ta yi shiru ba. Kundin Penal Code na Arewa ya haramta mutum ya yi iƙirarin shi maye ne, ya kuma haramta a zargi wani da maita ko a yi masa barazanar zargin, kuma akwai ɗauri a kai. Mutane ƙalilan ne suka san da rabin nan na biyu.

To, sai maganar da iyaye za su fara yi, kuma suna da hujja: yaya za a bar yaro Musulmi yana kallon makarantar da ake koyar da sihiri, har a nuna masa abin sha'awa ne? Sihiri haramun ne, Suratul Baƙara ta yi bayaninsa a ƙissar Haruta da Maruta, kuma yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa da hadisi ya lissafa. Ba na jayayya da wannan. Abin da zan ƙara kawai shi ne kisan rai ba da haƙƙi ba yana cikin wannan lissafin, kuma zargin maita ya sha kaiwa can. Game da katun ɗin kansa, tsafin da ke ciki na tsintsiya mai tashi ne da sanda mai walƙiya. Babu yanka, babu binne laya, babu kiran sunan wani don a cutar da shi. Bai fi abin da muka karanta a Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam ba, ko Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, balle littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da bokaye da aljanu ke kai-komo a kowane shafi. Duk da haka uban da ya zauna ya kalla tare da ɗansa ya fi wanda ya ƙwace wayar, don yaron zai karɓi wata gobe a wurin abokinsa. Kuma a sani ba kowane anime ne na yara ba. Kill la Kill, wanda wannan kamfani na Trigger ya fitar a shekarar 2013 ɗin, shigar da ke cikinsa ba ta gidan mutunci ba ce, kuma mai shagon tura fim ba lallai ya bambance maka su ba, duk katun ne a wurinsa.

Wata matsalar ita ce harshe. Da Japananci suke magana, fassarar Turanci na gudu a ƙasa, yaran da karatunsu bai nuna ba hoto kawai suke bi. Za su ga dodo, za su ga tsere a kan tsintsiya, amma dalilin faretin, wanda a baki aka faɗe shi, zai wuce su. Wato ɓangaren da ya fi kusa da rayuwarsu shi ne wanda ba ya isa kunnensu.

Inda fim ɗin ya gaza a idona shi ne ƙarshensa. Dodo ya farka, 'yan matan suka haɗa kai, Lotte ta rera waƙarta, aka kwantar da tarzoma, mutanen gari suka ɗauka duk cikin wasan ne suka yi ta tafi. A dare ɗaya ƙiyayyar ɗaruruwan shekaru ta narke. Su Akko suna da makaranta a bayansu, da malamai, da sandar da za ta burge jama'a. Tsohuwar da aka taru a ƙofar gidanta a wani ƙauyen fadama ba ta da abin da za ta nuna a tafa mata. Galibi kayanta take ɗaurewa ta koma wurin danginta, sunan kuma ya bi 'ya'yanta mata har ranar da za a zo neman aurensu. Fim ɗin yara ne, ban ce lallai ya nuna wannan ba, amma ya ɗauko magana mai nauyi ya ajiye ta da wuri.

Wanda ya ji daɗinsa ya nemi ci gaba zai tarar da shiri mai kashi 25 da aka fara nunawa a talabijin ɗin Japan a Janairun 2017, daga baya Netflix ta ɗauka. Sai dai ba daga inda faretin ya tsaya aka ɗora ba. An koma ne tun ranar da Akko ta fara zuwa Luna Nova, aka sake ginin labarin daga tushe, damuwarsa kuma ta koma kan yadda tsafi ke rasa kasuwa a zamanin na'ura.