Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Koya Wa Hafsoshi Tsara Yaƙi

In an ce soja, abin da mutane su kan tuna shi ne mai bindiga a bakin daga. Amma akwai wani hafsa wanda makamansa taswira ne da alƙalami. Shi ke lissafin mutane da motoci da man da za su sha, da harsashi da guzuri, da hanyar da za a bi, da inda za a kai waɗanda su ka yi rauni, sa'an nan ya rubuta umurnin kwamanda yadda kowa zai fahimta. Irin wannan hafsa ba ya samuwa dare ɗaya, tarihin wani ɗan Daura kuwa ya isa shaida.

Marigayi Muhammadu Buhari, wanda aka haifa a Daura cikin 1942, ya koyi aikin soja a Kaduna da Aldershot ta Ingila. Da Yaƙin Basasa ya tashi cikin 1967, sai aka ɗora masa wannan aiki na tsara shiri a wata birged ta Runduna ta Ɗaya, alhali kuwa bai shiga makarantar koyon aikin ba sai cikin 1973, a Wellington ta ƙasar Indiya, watau shekara uku bayan an ajiye makamai. Haka abin ya ke ga tsararrakinsa da yawa, gama sojan Nijeriya ya tashi daga wajen mutum 10,000 zuwa wajen 250,000 cikin wata talatin. Kurtu a kan horar da shi cikin 'yan makonni, amma mai tsara yaƙi sai da shekaru.

Wannan rashi ya ci rayuka. Cikin Oktoba 1967 Runduna ta Biyu ta yi ƙoƙarin ƙetare Kogin Kwara da jiragen ruwa daga Asaba zuwa Anaca, domin an riga an karya gada. Aka yi hasarar mutane da kaya masu yawa, garin kuwa bai shiga hannu ba sai Maris 1968, bayan an zagayo masa ta ƙasa.

Sabo da irin wannan darasi ne aka buɗe kwalejin manyan hafsoshi a Jaji, tsakanin Kaduna da Zariya, cikin 1976, da taimakon malaman soja daga Ingila. Cikin 1978 sojan sama su ka shigo, daga baya kuma na ruwa. Yau ga shi Nijeriya, wadda dā ta ke aika 'ya'yanta waje, ita ke karɓar hafsoshin Gana da Gambiya da Saliyo da wasu ƙasashen Afirka, su zauna aji ɗaya da namu kusan shekara guda.

Tun daga 2009, sa'ad da rikicin Boko Haram ya tashi, karatun nan da yaƙi tare su ke tafiya. Labudda da wuya kwamanda ya saki hafsansa mafi gwaninta ya koma aji alhali ana ɓarin wuta. Amma in ya hana shi, ya ci irin shuka ke nan.

Amfanin koya wa baƙi kuwa ya bayyana cikin 2015, da aka kafa hedkwatar rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Cadi a Njamena, wadda ta haɗa Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru da Benin. Waɗansu da Ingilishi su ka yi karatu, waɗansu da Faransanci. In ba su san hanya ɗaya ta tsara shiri da rubuta umurni ba, maƙiyi ya samu kafar zillewa ta kan iyaka.

Nijar ta janye daga rundunar cikin 2025. Mutanen ƙasar Daura, waɗanda iyakar Kwangwalam ke bakin ƙofarsu, danginsu da kasuwanninsu kuma na hayin biyu, su ne su ka fi kowa sanin abin da ke cikin wannan. Hafsan da ya zauna aji ɗaya da na maƙwabta, ya san wanda zai kira ranar wuya. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.