Jirgin Kwali da Jirgin Kara: Wanne Ya Ci Kuɗinsa?

Idan kaka ta yi aka girbe gero da dawa, ba duk karan gonakin da ke kewaye da Daura ne ke tafiya wajen danni da makamashi ba. Wani kaso a hannun yara yake ƙarewa. A lungunan Kusugu, unguwar da tsohuwar rijiyar tarihi take, kamar dai a sauran garuruwan ƙasar Hausa, yaro zai fere ɓawon kara, ya yayyanka ɓargon, ya soka wannan cikin wancan, kafin la'asar ya fito da mota ko tabarau ko jirgin sama. Da ya ɗan tasa sai ya koma kan gwangwanin madara da waya da tsohon silifas na yin taya. Ko sisi ba a kashewa.

A wasu ƙasashen wannan sha'awa ta zama masana'anta. Akwai kamfanonin da ke ƙera ƙananan jiragen sama na roba, a wargaje cikin kwali, mai saye ya haɗa da kansa: Airfix a Ingila, Tamiya da Hasegawa a lardin Shizuwoka na Japan, Revell a Jamus da Amurka, Trumpeter a Sin. Yanzu da wayar hannu ta kawo hotunansu har cikin zaurukanmu, ma'aikacin da ɗansa ya addabe shi da maganar jirgi, ko matashin da shi kansa abin ya burge shi, yakan tsaya yana duban farashi. Wani kwalin bai wuce dala 15 ba, wani ya haura dala 100, alhali su duka biyun sunan jirgi ɗaya ne a jikinsu. Me ya raba su, kuma mai tsadar ya ci kuɗinsa?

Sai an fara sanin abin da ke cikin kwalin. Za a tarar da sassan jirgin manne a jikin firam na roba, da takardar umarni mai zane-zane, da wata takarda mai ɗauke da tambura da lambobi waɗanda ake jiƙawa a ruwa a liƙa. A jikin kwalin akwai lamba irin 1:72 ko 1:48 ko 1:32. Wannan lamba ita ce ran abin. 1:72 na nufin kowane tsawo na jirgin gaske an raba shi gida 72, wato inci ɗaya a madadin ƙafa shida. Jirgin yaƙin Ingila na Yaƙin Duniya na Biyu, Spitfire, faɗin fikafikansa ya ɗan haura mita 11. A ma'aunin 1:72 zai dawo kusan santimita 15 da rabi, a 1:48 kusan 23, a 1:32 kuwa 35. Hanci da wutsiya da taya da kujerar matuƙi, kowanne da wannan lissafi aka rage shi.

Tsadar ba daga robar take ba. Robar kwali guda, in awo za a bi, ba ta taka kara ta karya ba. Kuɗin yana cikin mazubi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukunyar alminiyum ya san yadda suke danna yashi a kan tsohuwar tukunya su sami siffa, su zuba narkakken ƙarfe. Haka kamfanonin nan suke yi, sai dai nasu mazubin na baƙin ƙarfe ne da injina suka sassaƙa, ana tura narkakkiyar roba ciki da ƙarfin gaske. Kafin a sassaƙa shi sai an je gidan tarihi an auna jirgin gaske, an tattara tsofaffin zane-zanen masana'anta, an zana kowane sashe a kwamfuta. Idan kamfani yana son a ga kan kowace ƙusa da layin kowane faifan ƙarfe na jikin jirgin, aikin ya ninka. Sannan a raba wannan ɗawainiya a kan yawan kwalayen da ake sa ran sayarwa. Jirgin da kowa ya sani kamar Spitfire, masu saye da yawa, farashi ya sauko. Jirgin da sai 'yan tsiraru suka damu da shi, su kaɗai za su ɗauki nauyin mazubinsa.

Akwai kuma shekarun mazubin. Wasu kwalayen masu sauƙin kuɗi daga mazuban shekarun 1960 da 1970 ake fitar da su har yau, an dai sake musu hoton kwali. Ƙarfen ya gaji, roba tana tsatsowa ta gefe, ɓangarori biyu na gangar jirgin ba sa haɗuwa baki da baki, sai an goge an cike rami. A nan maganar Bahaushe ta tabbata, araha ba ta ado. Sabon mazubi mai kyau kuwa, sassan suna shiga juna ba tare da kokawa ba. A kwalaye masu tsada akan ƙara siraran faifan tagulla na yin bel ɗin kujera da allon agogunan matuƙi, da inji cikakke wanda ake iya buɗe murfinsa a gani. Abin dariyar shi ne, rabin wannan ƙawa ta cikin ɗakin matuƙi, da zarar an rufe gangar jirgin, babu mai sake ganinta sai wanda ya haɗa, shi ma a zuciyarsa.

To, mu dawo da lissafin gida. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024. A wannan farashi kwalin dala 100 ya zama naira 150,000, fiye da ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Kuma kwalin kaɗai ke nan. Mafi yawansu ba su zuwa da gam ko fenti. Gam ɗin ma ba irin na liƙa takalmi ba ne, wani ruwa ne da ke narkar da fuskar robar ya haɗe sassan su zama abu guda. Shi da wasu nau'o'in fentin suna cikin kayan da ke kama wuta, don haka aiko su ta jirgi yana da ƙa'idoji masu wuya. Ga kuɗin dako, ga na kwastan, ga 'yar wuƙa da burushi da takardar goge-goge. Yanayinmu ma yana da nasa haraji. Ƙurar hunturu ba ta barin ɗanyen fenti ya bushe da tsabta, zafin bazara kuma yana iya lanƙwasa siririn fiffike in an manta shi a rana ko cikin rufaffiyar mota.

Amma babban abin da ya kamata uba ya sani kafin ya zaro kuɗi shi ne, wannan jirgi ba ya tashi. Na kallo ne, a kan tebur ko cikin kabad yake ƙarewa. Ko an sa masa inji ma ba zai yi abin kirki ba, kuma dalilin darasi ne mai daɗi. Idan aka rage tsawon abu sau 72, faɗin fuskar fiffikensa yana raguwa sau 72 sau 72, wato 5,184, nauyinsa kuma ya kamata ya ragu sau 373,248. Spitfire mai nauyin kusan tan 3 zai dawo giram 8 kacal. Na roba ya fi haka nauyi, domin bangonsa, in an kwatanta da girmansa, kauri gare shi ainun. Sannan ita iska ba a rage ta da ma'auni. Ga ƙaramin abu mai tafiya a hankali, iska tana da danƙo fiye da yadda take ga babban jirgi mai gudu, saboda haka kaurin fiffiken da ke ɗaga jirgin gaske ba ya aiki sosai a ƙaramin jiki. Ƙaramin jirgi siririn fiffike yake so, mai faɗi, marar nauyi. Wato dai kara da takarda da farar kumfar nan da ake naɗe firji da talabijin da ita sun fi kusa da tashi. Kumfar kuwa, ga mai son sani, asalinta ɗaya da robar kwalin mai tsada, an dai hura mata iska ne.

Tarihin jirgin sama ma ta wannan ƙofa ya shigo. A 1878 mahaifin Wilbur da Orville Wright ya kawo musu wani abin wasa na takarda da gora da toshiyar kwalba, wanda murɗaɗɗiyar roba ke juya farfelarsa, irin ƙirar wani Bafaranshe mai suna Alphonse Pénaud. Da ya lalace suka ƙera nasu. Da suka girma, a 1901, sai suka haɗa akwatin hura iska suka gwada ƙananan fikafikai kusan 200 suna rubuta sakamako, kafin jirginsu ya tashi a watan Disambar 1903. Ko ma'aunin 1:72 ya taɓa yin aikin da ya wuce wasa: a 1942 rundunar sojan ruwan Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa ƙananan jirage 500,000 na katako a wannan ma'auni, don a koya wa soja bambanta jirgin gida da na maƙiyi daga nesa. Da katako da zane da rula suka yi aikin.

A nan ne nake ganin giɓin jirgin kara yake. Yaron Kusugu yana da hannu, yana da ido, yana da haƙurin da zai zauna awa uku a kan abu ɗaya. Abin da babu shi ne awo. Da ido yake ƙiyasta tsawon fiffike, shi ya sa na dama ke fin na hagu, jirgin ya yi kyau a hannu amma in an jefa shi ya kifa. Wanda zai ba shi rula da zanen jirgi ta sama da ta gefe da ta gaba, ya nuna masa yadda ake raba mita 11 gida 72, ya riga ya ba shi rabin abin da ke cikin kwalin dala 100. Wanda zai ƙara masa da cewa jirgi yana daidaita ne idan nauyinsa ya tsaya a wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga gaba, kuma ɗaga bakin fikafikan sama kaɗan yana hana shi jirkicewa, ya ba shi abin da kwalin ba shi da shi sam. Sauran kuwa robar ɗaure kuɗi ce da farfelar gwangwani. (Mai son hawa zuwa jirgi mai rimot ya tuna cewa tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa ta wajabta neman izini kafin a tashi jirgi marar matuƙi, kuma a halin tsaron da jihar Katsina ke ciki ba abin wasa ba ne.)

Mun ga inda irin wannan hannu ke kaiwa, mun kuma ga inda yake tsayawa. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota Honda Civic da tarkacen ƙarafa, har da na wani jirgin Boeing 747 da ya yi haɗari. Duniya ta yi ta labarinsa. Jirgin ya ɗaga, amma bai wuce kamar ƙafa bakwai daga ƙasa ba. Ba hazaƙa ce ta gaza ba. Daga ƙafa bakwai zuwa sama sai da na'urorin awo da kayan da aka san ƙarfinsu da wurin gwaji.

Haɗa jirgi daga sassan da wani ya ƙera kuwa ba abin rainawa ba ne, don ita kanta Nijeriya ta yi shi a babban mataki. Jirgin koyon tuƙi na sojan sama mai suna Air Beetle, wanda aka yi odar guda 60, a Kaduna aka haɗa shi, bisa ƙirar RV-6A ta wani kamfanin Amurka da ke sayar da jiragen gaske a wargaje. A garin Kadunan ne kuma aka ƙaddamar da jirgi marar matuƙi Gulma a 2013, da Tsaigumi a 2018. Bin takardar umarni daki-daki, da sanin sunan kowane sashe da mazauninsa, da tsabtar aiki, horo ne na gaske, kuma shi ne abin da kwalin roba ke koyarwa. Sai dai kwalin dala 15 yana koyar da shi daidai da na dala 100. Ga sabon hannu ma ya fi, domin jirgin farko ba ya tsira daga zanen yatsa a gam da karyayyar ƙafar taya, kuma gara a yi wannan ɓarna a kan mai araha.

Mai tsadar yana da masu shi. Babban mutum da ya riga ya haɗa guda biyar ko goma, wanda zai shafe wata uku yana aikin jirgi ɗaya bayan sallar isha, in ya raba kuɗin a kan dararen da ya ci moriya zai ga bai yi asara ba, kuma ba wanda ya isa ya tuhume shi a kan abin sha'awarsa. Makarantu ma haka. Daura tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, tana da Jami'ar Sufuri da aka aza harsashinta a watan Disambar 2019, Zariya kuma tana da kwalejin koyon tuƙin jirgi tun 1964. Jirgi guda mai cikakken inji da fikafikai masu motsi, da ɗalibai ɗari za su kewaye kowace shekara, ya biya kansa. Gidan tarihi kuma ya fi kowa hujja. Jiragen farko da suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamban 1925 guda uku ne na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, masu fiffike sama da ƙasa, da suka taso daga Masar. Wani kamfanin ƙasar Niyu Zilan, Wingnut Wings, ya taɓa fitar da wannan jirgi a ma'aunin 1:32. Kamfanin ya rufe a 2020, kwalayensa yanzu sai a hannun 'yan kayan gwanjo da tsadar gaske, amma da za a sami uku a jera su a Gidan Makama na Kano, kuɗin ba a banza ya tafi ba.

Uban da ɗansa ke shekara goma, shi kam, naira 150,000 tana da wuraren zuwa da yawa. Rula da kamfas da reza da kwalin takarda da gam na gida ba za su ci kashi ɗaya cikin ashirin na wannan kuɗi ba, zanen jirage ta fuska uku kuma kyauta ake samunsa a intanet, a buga shi a shagon kwamfuta. In yaron ya shekara yana auna kara da kumfa bai gaji ba, a saya masa ƙaramin kwali na 1:72 irin wanda ake haɗowa da fenti da gam da burushi a ciki.